Aikin ƙera Quetzalcoatlus a Kaduna: inda aka kwana

Asabar, 11 ga Oktoba, 2025

Ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta tsayar da shawara kan abin da za ta nuna a baje-kolin zango na biyu: ƙwarangwal ɗin Quetzalcoatlus northropi, a cikakken girmansa. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, don iyayen da suka sa hannu a aljihu su san inda kuɗinsu ya shiga, malamai 'yan'uwana masu sha'awar yin irinsa kuma su tsinci abin da zai amfane su.

Ga wanda sunan ya zo masa baƙo, Quetzalcoatlus ɗaya ne daga cikin dabbobi masu rarrafe da suka yi tashi sama, waɗanda masana ke kira teroso. Ya rayu a ƙarshen zamanin dainoso, shekaru miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce, a yankin da yau ake kira Tekzas a Amurka. Shi ba tsuntsu ba, ba jemage ba, kuma ba dainoso ba ne, ko da yake da su da dainoso dangi ne na kusa. An ƙiyasta faɗin fikafikansa daga wannan baki zuwa wancan mita 10 zuwa 11.

Yau awo kawai muka yi. Muka ja tef a filin ƙwallo, mita 10 da rabi, muka bi layin da toka. Wani ɗan aji huɗu ya tsaya a tsakiya ya ware hannuwansa iya ƙarfinsa, bai cike ko kashi ɗaya cikin shida ba. Ya ce, "Malam, wannan ai jirgi ne." Bai yi ƙarya ba, don Cessna 172, ƙaramin jirgin nan da ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da dama, faɗin fikafikansa mita 11 ne. Tsuntsun da ya fi kowanne faɗin fiffike a yau, albatros na tekun kudu, iyakarsa wajen mita 3 da rabi.

Kafin a tashi yara sun raɗa masa suna Dogo. Da shi zan riƙa kiransa ni ma.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na kai zanen Tsohuwar Panteka. Mai waldar da aka haɗa ni da shi dattijo ne, ƙofofi da gadajen ƙarfe da injinan niƙa ne aikinsa, kuma ya fara riƙe bakin walda tun ban san hanyar makaranta ba. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, sannan ya ce, "Malam, wannan aljanin kuma na wace ƙasa ne?" Da na gama bayani, abin da ya fara tambaya shi ne nauyinsa. Na ce yawancin masana yanzu sun tsaya a kilo 200 zuwa 250, wato buhun siminti huɗu zuwa biyar. Ya ɗaga kai ya dubi inda na nuna masa tsayin zai kai, ya ce, "Abu mai tsayin raƙumin dawa, nauyin buhu biyar? Sai dai in cikinsa iska ce."

Na ce, "Baba, ai iskar ce." Ƙasusuwan teroso rarake suke, bangonsu siriri ƙwarai, kuma jakunkunan iska da ke haɗe da huhu suna kutsawa har cikinsu, yadda yake a tsuntsaye. Nan ya karɓe zancen daga bakina. Ya ɗauko guntun rodi da guntun fayif mai faɗin baki, nauyinsu kusan ɗaya, ya ɗaure kowanne a maƙalar tebur, ya sa yaron shagonsa ya danna. Rodin ya lanƙwashe, fayif ɗin ko gezau. Ya ce shi ya sa ba a yin ƙafar rumfa da rodi. Na so a ce ɗalibaina na fiziks suna wurin, don wannan darasin na sha zana shi a allo bai shige su haka ba.

Mun yanke: siririn fayif na ƙarfe a ƙafafu da gadon baya, bututun roba na masu aikin famfo a wuya da dogon yatsan fiffike, sannan soson katifa da kwali don fitar da siffar kowane ƙashi.

Batun nauyin nan ba yau aka fara ja-in-ja a kansa ba. Akwai tsofaffin ƙiyasi da suka sauko har wajen kilo 70, abin da da wuya ya ishi dabba mai wannan girman ko naman motsa fikafikanta. A 2010 kuma Donald Henderson ya fitar da kilo 544, ya ce da wannan nauyin tashi zai yi masa wuya. Mark Witton da Michael Habib suka mayar masa da martani cewa ya kumbura gangar jikin fiye da kima. Gaskiya gangar jikin ƙarama ce. In ka dubi zanen, Dogo kusan duk wuya ne da kai da hannuwa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Wannan makon ba mu taɓa ƙarfe ba, amma a wurina shi ne mako mafi nauyi zuwa yanzu. Na raba wa yara zanen ƙwarangwal ɗin, na ce kowa ya shafa ja a kan ƙasusuwan Dogo da aka tono da gaske, sauran a bar su fari. Da aka gama, jan bai wuce fiffike ɗaya ba, na hagu, shi ma ba duka ba.

Ga yadda abin ya faru. A 1971 Douglas Lawson, ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Tekzas da ke Austin, yana yawon binciken duwatsu a gandun Big Bend, kusa da iyakar Meziko, sai ya ci karo da ƙashi. Abin da aka tono a wurin shi ne damtse mai tsawon santimita 54.4, da ƙasusuwan sangalin hannu, da na wuyan hannu, da gutsattsarin dogon yatsa. Babu kai, babu wuya, babu ƙafa. A 1975 ya sa masa suna: rabin farko daga Quetzalcoatl, abin bautar mutanen Aztek da suke siffantawa da maciji mai gashin tsuntsu, rabi na biyu kuma don girmama John Northrop, mai ƙera jiragen sama marasa wutsiya.

To daga ina aka samo siffar sauran jikin? Daga ƙaramin ɗan'uwansa. Tsakanin 1972 da 1974, kimanin kilomita 40 daga wurin farko, Lawson da malaminsa Wann Langston suka tono ɗaruruwan ƙasusuwa na wasu ƙanana masu faɗin fiffike kamar mita 4 da rabi, har da kawuna da wuyoyi da ƙafafu. Sai a 2021 aka ba su sunan kansu, Quetzalcoatlus lawsoni. Duk wani cikakken Dogo da ka gani a hoto ko a gidan tarihi, wannan ƙaramin ne aka ruɓanya.

Wata 'yar aji biyar, wadda ita ce ke riƙe mana littafin awo, ta ɗaga takardarta ta ce, "Malam, ashe hannu ɗaya kawai aka gani? Sauran duk lissafi ne?" Na ce lissafi ne, amma lissafi mai tushe, kuma mai karɓar gyara. Lawson da kansa mita 15 da rabi ya fara ɗauka, saboda ya auna damtsen da tsarin wasu teroso masu dogayen yatsu. Da aka fahimci cewa yatsan fiffiken wannan dangin gajere ne in aka gwada da damtsensu, sai adadin ya sauko zuwa inda yake yanzu. Ƙashin bai canza ba, abin da ake auna shi da shi ne ya canza.

Saboda haka mun tsayar da doka: a jikin namu ma, abin da aka tono ja, abin da aka ruɓanya fari. Mu ma da 2.3 muke ruɓanya awon ƙaramin. Na fi son mai kallo ya tafi yana tambayar me ya sa fari ya yi yawa, da ya tafi yana zaton an tono dodon ne a kwance cif-cif.

Wani batu kuma ya taso a taron iyaye. Wani uba ya tambaya, cikin mutunci, ko wannan ba sassaƙa mutum-mutumi ba ne. Hajiya shugabar makaranta ta zauna da malaman addininmu, aka daidaita cewa ƙwarangwal ne kawai za a yi, irin wanda ke rataye a ɗakin gwaje-gwaje don koyarwa: ba fata, ba ido, kuma a kwance shi bayan baje-kolin. Mu ma hakan ya yi mana daidai, tun da ƙashi ne kaɗai shaidar da ke hannu.

Asabar, 22 ga Nuwamba

A sama za a rataye shi ko a ƙasa zai tsaya? Yara duk sama suke so. Zauren taronmu ba shi da faɗin da zai ɗauki mita 10 da rabi, kafintan makaranta kuma ya dubi katakon rufin ya ce shi ba da shi ba. Saboda haka a tsaye zai kasance, a waje, fikafikai a naɗe. Za mu yi ƙarin fiffike ɗaya a buɗe mu kafa a jikin bangon zauren, tela ya ɗinka masa yadi a madadin fatar.

Ban yi baƙin cikin wannan ba, don tsayuwar ta fi koyarwa. Fiffiken teroso hannu ne. Yatsu uku ƙanana ne masu farce, na huɗun ne ya yi tsawo har ya ɗauki fatar tashi, wadda ta miƙe daga ƙarshen yatsan zuwa ƙafar baya. Na jemage ya sha bamban, shi a kan yatsu huɗu fatarsa take shimfiɗe. In Dogo ya sauka, sai ya naɗe dogon yatsan sama ta bayan hannu, ya dafa ƙasa da ƙananan ukun, ya yi tafiya da ƙafa huɗu. An samu sawun irin wannan tafiyar a duwatsun Koriya ta Kudu.

A 2008 Witton da Darren Naish suka kawo hujjar cewa wannan dangin a ƙasa suke kiwo, suna takawa suna tsintar ƙananan dabbobi da dogon bakinsu marar haƙori. Tsuntsayen da suka ba da misali da su mun fi Turawa saninsu: dangin shamuwa da burtu. Da na faɗi haka, wani yaro da ya tashi a ƙauye wajen Birnin Gwari ya miƙe ya kwaikwayi takun burtu a gona, kai na gaba, ido a ƙasa. Aji ya kwashe da dariya, amma ba wanda ya sake tambayar yadda dabbar ke cin abinci. Wurin da aka tono Dogo ma yana goyon bayan wannan, don a wancan zamanin fadamu ne da koguna, nesa da bakin teku.

Baba ya gama ƙafafu huɗun da gadon baya. Kafaɗa ta tsaya a wajen mita 2 da rabi. Ya yi kowace gaɓa da ƙusa da noti maimakon walda, don a iya kwancewa a loda a a-kori-kura.

Asabar, 6 ga Disamba

Wuya. Gaɓoɓi tara ne, ta biyar ta fi kowace tsawo, jimillarsu a namu wajen mita 3. Bututun roba shi kaɗai lanƙwashewa yake yi tun kafin a ɗora masa kai.

Na nuna wa Baba hoton wani bincike na 2021, inda Cariad Williams da abokan aikinta suka haska cikin ƙashin wuyan wani ɗan wannan dangin da aka tono a Maroko. A tsakiya akwai siririn bututun da laka ke bi, daga shi kuma wasu siraran sanduna sun fita zuwa bangon waje, suna zagayawa a murɗe. Masu binciken da kansu da wayoyin ƙafar keke suka kwatanta su, kuma lissafinsu ya nuna sanduna 50 kacal sun kusa ninka nauyin da ƙashin zai iya ɗauka kafin ya karye. Baba ya daɗe yana kallon hoton a wayata, yana buɗa shi da yatsu biyu masu baƙin mai. Bai ce komai ba, ya aiki yaro wurin mai gyaran keke.

Abin da ya yi shi ne ya zura siririn fayif na ƙarfe a cikin bututun robar, ya huda ramuka a zagaye, ya ɗaure tsakani da wayoyin keke, yana ɗame kowace da ɗan notinta yana ƙwanƙwasawa da farce yana sauraron ƙarar. Gaɓa ta biyar mun yanke mata taga a gefe don mai kallo ya leƙa. Yanzu wuyan ya miƙe sambal.

Ƙashin wuyan wannan dangin ya taɓa rikita masana. A farkon shekarun 1940 wani ma'aikacin layin dogo a Jodan ya tsinci wani ƙashi mai tsawon sama da santimita 60 kusa da Rusaifa. Masanin Faransa Camille Arambourg ya ɗauka ƙashin fiffike ne, don ba wanda ya yi tsammanin gaɓar wuya ɗaya za ta kai haka. Sai da Lawson ya ga na Tekzas sannan aka gane. Yau sunan wannan dabbar Arambourgiania.

Asabar, 20 ga Disamba

An yi hutu. Wuta ba ta zauna ba duk makon, kuɗin man janareta kuma ya cinye abin da muka ware wa fenti. Yara huɗu da ke kusa, 'yan Tudun Wada da Unguwar Sanusi, suna zuwa suna yanka soso. Damtsen hagu, mai santimita 54.4 ɗin nan, shi ne ƙashi na farko da muka gama tsaf. Wani ɗan kasuwa cikin iyayen yara ya yi alkawarin galan ɗin jan fenti.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Kan ya ba mu aiki. Na ƙaramin ya kusa mita 1, don haka namu ya haura mita 2, an yi shi da waya da kwali da takardar buhun siminti da aka jiƙa da sitaci. Ba shi da nauyi, yaro ɗaya yana ɗaga shi. Matsalar faɗinsa ce. Ranar Laraba da muka gwada ɗora shi, iskar hunturu ta bugo daga gabas ta kama shi ta gefe, ta murɗe wuyan daga tushe, noti biyu suka tsinke. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙarƙashi. Daga ranar na hana kowane ɗalibi shiga cikin da'irar da muka shata in ana ɗagawa.

Masu kuɗi da ilimin jiragen sama ma sun sha wannan. A tsakiyar shekarun 1980 injiniya Paul MacCready, wanda ya yi suna da jirgin da ƙarfin ƙafar mutum ke tuƙawa, ya ƙera Quetzalcoatlus mai tashi, faɗinsa mita 5 da rabi. Babban kai a gaba, ba wutsiya a baya, ko yaya iska ta taɓa kan sai jiki ya juya. Sai da suka sa masa na'urar da ke gyara kan da fikafikan a kowane lokaci. Ya yi tashi da dama lafiya a hamadar Kalifoniya, amma a 1986 ya faɗo a gaban jama'a a sansanin sojan sama na Andrews. Dabbar mai rai da ƙwaƙwalwa da jijiya take yin wannan gyaran.

Maganinmu ya fi sauƙi. Mun buɗe manyan ramukan da kan yake da su tun asali, musamman wagegen ramin da ke gaban ido, wanda da muka lulluɓe da takarda don sauri. Iska tana wucewa ta ciki. Baba ya ƙara ƙarfe a tushen wuyan, ya ce a juya bakin ya fuskanci gabas, a kuma ɗaure da waya uku zuwa turaku. Ya ƙi karɓar kuɗin wannan gyaran. Na matsa, ya ce, "Malam, bar shi. Jikokina za su zo kallo, kada su ce aikin kakansu ne ya faɗi."

Asabar, 24 ga Janairu

Muhawara muka yi yau kan yadda yake tashi daga ƙasa, don allon bayani yana buƙatar amsa. Ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin Habib na 2008: yana durƙusawa a kan ƙafa huɗu, ya tunkuɗa ƙasa da hannuwansa ya cilla kansa sama. Hujjarsu ita ce damtsen ya fi ƙashin cinya ƙarfi nesa ba kusa ba, saɓanin manyan tsuntsaye, kuma naman da ke kaɗa fiffike shi ne dai zai yi tunkuɗar. Ɗaya ɓangaren ya kare ra'ayin Kevin Padian da abokan aikinsa na 2021: da ƙafafun baya yake daka tsalle, sama da mita 2, sannan ya samu sararin kaɗa fiffike. Ni na fi karkata ga na farko, saboda ƙashin da aka riƙe a hannu ya fi yi masa shaida. Amma allon zai ɗauki duka biyun da sunayen masu su.

Allo na biyu na gida ne. Lokacin da Dogo ke yawo a Tekzas, wani reshen teku ya ratso Sahara har zuwa ƙasar Sakkwato. A duwatsun Dukamaje an tono wata dabbar ruwa mai rarrafe ta wannan zamanin, aka sa mata suna Goronyosaurus nigeriensis, daga garin Goronyo. A Maroko kuma, cikin ma'adinan fosfat, an samu ɗan dangin Dogo na kusa, Phosphatodraco, mai faɗin fiffike kamar mita 5. Dangoginsu duka sun ƙare tare, shekaru miliyan 66 da suka wuce, bayan wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. Akwai 'yar Sakkwato a ƙungiyar, ta ce wannan allon nata ne, kada kowa ya taɓa.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Ya tsaya. Da sassafe muka ɗaga, kafin iska ta tashi, da tsani biyu da igiya da taimakon masu gadi. Daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai ya kusa mita 5, ana hango shi ta saman katanga, har wani mai keke-napep ya tsaya ya leƙo yana tambayar ko coci ko makaranta ce ke gina hasumiya.

Fentin fari ya hau ko'ina. Jan ya hau damtse da sangalin hannu da wuyan hannu na hagu. A kan dogon yatsan ana ta gardama, don gutsattsari aka samu ba cikakke ba, mai riƙe littafin awo kuma ta dage sai dai a yi masa ɗigo-ɗigo. Na ba ta gaskiya.

Saura fiffiken bango. Telan da ke Kasuwar Barci ya ɗinka yadin, amma ya yi masa baki zigi-zaga irin na jemage, sai an mayar an miƙar da shi. Akwai kuma wani ɗan ƙashi a wuyan hannu da ke riƙe wata ƙaramar fata a gaban fiffiken, shi ma ba a yanka ba tukuna. Ana jiran mai rubutun allo ranar Talata, Hajiya kuma tana so a kammala komai kafin azumi ya kama.